Kashe kaifin wuƙa da takobi don wasan kwaikwayo ko ado: yadda ake yi, da inda bai wadatar ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare, ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wasan da muke shiryawa yana da fitowar mahauci, sannan akwai wurin da 'yan daba biyu za su zare wuƙa su yi kan juna. Ban da wannan, na sayi takobi a Kasuwar Kurmi ina so in rataye a falo, ga shi gidan da ƙananan yara. Wani ya ce in goga bakinsu a siminti, wani kuma ya ce in sa su a wuta su yi ja, kaifin zai mutu. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin shawarwarin biyu babu wadda zan ce ka bi, kuma zan zo kan dalili. Amma ka fara raba buƙatunka, don uku ne ka haɗa a tambaya ɗaya. Wuƙar mahauci, wadda yaro zai riƙe yana kwatanta yankan nama ba tare da ya nufi kowa da ita ba, ana iya kashe mata kaifi a yi amfani da ita. Takobin falo ma haka, in ya cancanci a taɓa shi. Ta faɗan 'yan daba kuwa, ko an dakusar da ita yaya, ƙarfe bai dace da wurin ba. Nan katako ko roba ake so.

Kaifi ba komai ba ne illa wurin da fuskoki biyu na ruwan wuƙa suka haɗu suka zama layi siriri ƙwarai. A wuƙar da aka wasa da kyau, faɗin wannan layi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, shi ya sa ɗan dannawa kaɗan yake isa ya raba fata. Kashe kaifi na gaskiya shi ne a cinye wannan layi har sai an isa inda ƙarfen yake da kauri, sannan a mulmule gefunan su zama kamar bayan cokali. Duk dabarar da ba ta yi waɗannan abubuwa biyu ba, ganin kitse ne ake yi wa rogo.

Ɗauki gugar siminti. In ka goga bakin wuƙa a daɓe ko a dutse, za ta daina yanka takarda, sai ka zaci an gama. Amma in ka duba bakin a rana za ka ga ya lanƙwashe a wani wuri, ya yi ƙananan giɓi a wani wuri. Ka mayar da shi ɗan zarto ke nan. Irin wannan baki ba ya yanka a tsabtace, yagar fata yake yi, kuma raunin yaga ya fi na yanka wuyar ɗinki. Wuta kuma ba ta kashe kaifin bakin. Abin da take yi shi ne ta kashe taurin da maƙeri ya ba ƙarfen lokacin da ya tsoma shi da zafinsa a ruwa ko mai. Wuƙar za ta fito baƙa, mai laushi, mariƙinta ya ƙone ko ya yi sako-sako, amma siffar bakin tana nan yadda take, kuma ƙarfe mai laushi yana yanka mutum sarai. Murfin gwangwanin madara ai ba a ba shi tauri ba, ga shi kullum yana yanka yatsu. Akwai masu dukan bakin da guduma. Ƙarfe mai tauri yana da gautsi, ɓalli-ɓalli yake yi, ɓarɓashin ya yi tsalle, ido ne kuma abin da ya fi kusa. Masu naɗa salatif kawai su ma ba su tsira ba: kaifi yana huda salatif daga ciki da ja ɗaya, ga danshi da yake taruwa a ƙarƙashinsa ya kawo tsatsa.

Kafin ka taɓa kayan aiki, zaɓin wuƙar shi ne rabin aikin. Mutane kan ɗauko wuƙar kicin ta kanti saboda tana da kyau a ido, alhali ita ta fi wuyar dakusarwa. Ga lissafin. A ce bayanta yana da kaurin milimita 2.5, faɗin ruwanta daga baya zuwa baki milimita 45, kaurinta dab da kaifi kuma milimita 0.4, kuma tana sirancewa ne a hankali tun daga baya har baki. Don bakin ya kai kaurin milimita 1, sai ka cinye kusan milimita 13 na faɗinta. Don ya kai milimita 2, sai ka cinye kusan 34, wato saura ɗan tsinke. Amma wuƙar da aka yanko daga fallen ƙarfe mai kauri ɗaya aka fitar mata da baki a milimita 5 ko 6 na ƙarshe, kamar yawancin adduna da wuƙaƙe masu araha, da ka cinye wannan ɗan gangaren ka iso cikakken kaurin ƙarfen. Ita za ka nema. Ka guji mai haƙora irin ta yankan burodi, don sai an share haƙoran gaba ɗaya. Ka guji ta tangaran, wadda ba ƙarfe ba ce, magagari ba ya cin ta, tsagewa take yi. Mai naɗewa ma bar ta, don tana iya rufewa a kan yatsun yaro ko makullinta ya saki.

Kaurin da ake nema ya danganta da aikin. Abin da za a rataye a bango, milimita 1 mulmulalle ya isa. Abin da za a riƙa juyawa a hannu a gaban mutane, a nemi 1.5 zuwa 2. Masu wasan takobin ƙarfe a ƙasashen Turai, waɗanda suke sa sulke da kwalkwali su gwabza, ba sa yarda da bakin da bai kai wajen milimita 2 ba, kuma duk da haka ba a tsiraicin fata suke karɓar sara ba. In ba ka da abin awo, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne: biyu a haɗe sun kai 1.5, uku sun ɗan haura 2. Tsinken ashana ma kusan 2 ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan gara ka kara katin a baki ka gani.

Kayan aikin ba su da yawa: magagari mai faɗi, wanda masu walda suka fi kira fayil, mai matsakaicin haƙori kuma mai mariƙi; sanfefa mai lamba 120, 240 da 400; maka mai tawadar da ba ta gogewa; tabarau na kare ido; safar hannu ta fata; da abin damƙe ƙarfe irin na kan bencin makanikai. In babu shi a makaranta, katako biyu da kusoshi masu noti za su matse ruwan wuƙar, ko ka kai wa mai walda ya ara maka bencinsa na rabin awa. Abin da ba a yi shi ne riƙe wuƙa da hannu ɗaya ana gurza da ɗayan. A yi hattara musamman a mintunan farko, lokacin da kaifin yake nan da ransa.

Fara da gwada taurin ƙarfen. Ɗora magagari a bakin ka tura sau ɗaya. In ya kama, ka ji yana ci, ka ga garin ƙarfe yana zuba, to da hannu za ka gama. In ya zame yana ƙara kamar an goga a kwalba, ƙarfen ya kusa kai magagarin tauri. A ma'aunin Rockwell da ake auna taurin ƙarfe da shi, magagari yana wajen 60 zuwa 65, wuƙaƙen kicin masu araha suna wajen 52 zuwa 56, masu tsada kuma kan kai 60 ko su wuce. Wuƙar maƙera da aka ƙera daga sifirin mota tana iya zuwa da tauri a wani sashe da laushi a wani, tunda da ido ake auna zafinta. In magagari ya ƙi ci, kada ka matsa masa, haƙoransa za ka kashe. Koma kan dutsen washi mai kaushi, ko sanfefa 120 da aka shimfiɗa a kan tayil, ko giranda.

Yanzu ka shafe gefen bakin da maka, ka ja layi a tsawon ruwan daidai inda kake so ka tsaya. Ba tare da layi ba, tsakiyar wuƙar za ka fi ci, ta fito da ciki kamar lauje. Matse ta tsakanin katako biyu, baki yana kallon sama, kada abin da ya leƙo ya wuce faɗin yatsa biyu, don in ya yi tsawo zai riƙa karkarwa yana kuka. Tsinin ya kalli bango, ba cikinka ba, ka kuma soka masa guntun roba har sai an zo kansa. Riƙe magagari da hannu biyu, ka kwantar da shi a kan bakin a gicciye, fuskarsa tana kallon ƙasa sak, ba a karkace ba yadda mai washi yake yi. Mai washi gefe yake ci don ya fitar da baki, kai kuwa saman bakin kake ci don ka kashe shi. Tura gaba kana zamewa daga wajen mariƙi zuwa tsini, ka ɗaga, ka dawo. Magagari a turawa kawai yake ci, jan shi baya da nauyi dakusar da shi yake yi. Bayan turawa goma sha biyar ko ashirin, ka buga shi a katako ko ka share haƙoransa da burushin waya, don garin da ya maƙale yana jan zane mai zurfi.

Bayan ɗan lokaci za ka ga wani farin layi yana sheƙi a bakin. Alama ce mai kyau, tunda baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Ci gaba har layin ya kai faɗin da kake so, kuma ya zama faɗi ɗaya tun daga gindi. Wurin da aka fi mantawa shi ne dungun wuƙar, wato kusurwar da ke kusa da mariƙi, inda magagari ba ya isa da sauƙi, kuma nan ne yatsa yake zamewa ya sauka.

A wannan mataki wuƙar ta fi kama da wadda aka gama, amma ba a gama ba. Bakin da aka baje yana da kusurwa biyu, hagu da dama, kowace da ɗan leɓen ƙarfe da magagari ya turo. Wannan leɓe yana yanka kamar reza. Karkata magagarin rabi, ka bi kowace kusurwa sau biyar ko shida ka karya ta. Sannan ka yanko sanfefa 120 mai faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya, ka manna salatif a bayanta don kada ta tsinke, ka ɗora ta a kan bakin ka kama bakinta biyu kana ja sama da ƙasa yadda mai shushaina yake goge takalmi da ƙyalle. Wannan ja shi ke mulmule bakin. Ka bi tsawon ruwan kaf, ka sake da 240, ka gama da 400. Kada ka tsallake daga 120 zuwa 400, zanen na farko ba zai fita ba, kuma a cikin zanen tsatsa take fara zama.

Sai tsini, wanda shi ne ainihin abin tsoro, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Sukudireba ba ta da kaifi ko kaɗan, amma kowa ya san tana shiga jiki. Dalili shi ne duk ƙarfin hannu yana taruwa a ɗan ƙaramin wuri. Wuƙar da aka kashe wa baki aka bar mata tsini tana nan a matsayin makami. Ba goge kan tsinin ake yi ba, cire shi ake yi. Ɗora gindin batirin AA, mai faɗin milimita 14.5, a kan ruwan wuƙar kusa da ƙarshe, ka matsar da shi baya har da'irarsa ta kusa taɓa baki da baya, ka zagaye da maka. Duk abin da ya wuce wannan zane zai tafi, ko da santimita 2 ne ko 3. Ga takobi da manyan wuƙaƙe a nemi da'ira mai faɗin milimita 20 ko fiye. A Nijar kwabon dala goma ya yi daidai, a Najeriya murfin robar ruwa ya wadatar har da ƙari. Wuƙar za ta rage tsawo, ta ɗan rage kwarjini. Mai kallo daga layi na uku ba zai lura ba. Bayan an fitar da zagayen, a duba kaurinsa, domin yawancin wuƙaƙe suna sirancewa wajen ƙarshe. Zagayayyen kai mai kaurin rabin milimita kurfi ne, ba kariya ba. A ci gaba da ci baya har kaurin ya yi daidai da na sauran bakin, a mulmule shi da sanfefa kamar yadda aka yi wa baki.

In za a yi da giranda, aikin minti arba'in zai koma minti biyar, amma kuskure ma da wannan saurin yake zuwa. Zafi ne matsalar farko. A ajiye bokitin ruwa a gefe, a taɓa dutse daƙiƙa biyu ko uku a tsoma. Launin ƙarfen yana ba da labari: in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar kara, ya kai wajen digiri 220, in ya koma shuɗi, ya kai wajen 300, taurin wurin ya tafi. Ga wuƙar ado asarar tauri ba wata babbar matsala ba ce, amma tabon yana da muni, kuma zafin yana narkar da gam ɗin mariƙi. Matsala ta biyu, dutsen yana iya fizge wuƙar ya wurga ta. A giranda ta benci a kafa ta a kan madogarar ƙarfen da ke gaban dutse. A ta hannu kuwa wuƙar ce za a matse, injin ya yi tafiya. Kusa da dutse mai juyawa a cire safar hannu, a naɗe hannun riga, babbar riga da rawani su tsaya a waje. Tartsatsin kuma ya yi nesa da jarkar fetur da janareta. Ko da giranda aka yi, mulmulewar ƙarshe da hannu ake yi.

Gwaji ba da yatsa ake farawa ba. Ja audugar asibiti a tsawon bakin da zagayen kai: duk inda zare ya maƙale akwai sauran leɓe ko giɓi. Ja bakin a kan nunannen tumatir da ɗan nauyi, gaba da baya: ya lotsa shi, kada ya fasa fatarsa. Miƙe leda tsakanin hannun mutum biyu ka ja bakin a kai, sannan ka danna kan wuƙar a kwali mai kauri da ƙarfin da za ka tura ƙofa. In ya huda ya wuce, a koma benci. Sai duk waɗannan sun wuce za ka shafa da tafin hannu, a gicciye da farko, a hankali.

Wannan ita ce wuƙar mahaucinka. Ka shafa wa gindin mariƙinta jan fenti don a bambanta ta da kowace wuƙa, ka ajiye ta a akwati mai makulli, mutum ɗaya ne zai riƙa fito da ita yana mayarwa. Ranar wasa kada wata wuƙa mai kaifi ta shigo bayan dandali, ko ta yanka lemo ce. A harkar wasan kwaikwayo da fim hatsari kan zo daga musanya: biyu masu kama da juna a tebur ɗaya, mai sauri ya ɗauki wadda ba ita ba.

Batun faɗan kuma, Malam, a nan zan tsaya kai da fata. Yaro mai kilo 50 in ya yi tuntuɓe ya faɗa kan abokinsa da ƙarfe mai kaurin milimita 2 a hannu, duk nauyinsa a kan wannan ɗan kai zai sauka. Ƙarfe ba ya lanƙwasa ya ba da hanya. Ido, maƙogwaro, tsakanin haƙarƙari da ƙasan ciki ba su da abin da zai tare. Ga kuma wani abu: duk lokacin da ƙarfe biyu suka haɗu, kowane karo yana barin giɓi mai leɓe, bakin da ka wahala ka mulmule ya koma zarto kafin a gama gwaji ɗaya. Masu koyon takobi a Japan suna da takobin atisaye mara kaifi da suke kira iaito, yawanci na gamin alminiyam da zinki, amma motsin mutum ɗaya ake yi da shi. In za a kara da abokin atisaye, na katako ko na gora ake ɗauka. Kada kuma yaran su ɗauki wasan 'yan tauri abin koyi. Wannan fage ne na daban da mutanensa, ba na ɗaliban sakandare ba.

Ta katako sai kafinta ya yanko maka daga katako mai ƙwari mara gaɓa, kaurin milimita 10 zuwa 12, tsawon zaren itacen yana bin tsawon wuƙar don kada ta karye a tsakiya ta bar tsini. Kanta ya zama zagaye kamar babban yatsa, a goge da sanfefa har ba sartse, a fesa fentin ruwan azurfa, a naɗe mariƙi da baƙin salatif ko fata. Ta fi wannan aminci ita ce ta soso: a samo tafin silifas mai kauri ko sabon fallen da masu takalma suke yanka, a fitar da siffar wuƙa, a fenta. Kada a sa mata waya ko ƙusa a ciki don ta tsaya, domin ranar da soson ya yage, wayar ce za ta fito. In tana lanƙwasa da yawa, a manna falle biyu da gam ɗin takalmi. Masu koyar da kare kai sukan yi amfani da ta alminiyam mai kaurin milimita 6, saboda tana sheƙi kuma tana da ɗan nauyi, amma wannan ta manya ce masu tabarau da horo. In za a yi ta, da zarto da magagari ake yi, ba a kai alminiyam kan dutsen giranda na ƙarfe, yana toshe dutsen, kuma garinsa in ya gauraya da na baƙin ƙarfe yana iya kamawa da wuta. Wuƙar roba mai sifirin da ruwanta yake shigewa cikin mariƙi ita ma ba abin dogaro ba ce, ranar da ta cije ba ta shige ba, suka ce ta gaske.

Ko da ta soso ce, a tsara faɗan kamar rawa: kowane motsi a ƙirge, a fara a hankali ƙwarai, tazarar da ke tsakaninsu ta zama wuƙar ba ta isa jiki ko an miƙe hannu gaba ɗaya, kuma ba a nufar fuska. Sukar da mai kallo zai gani, ta gefen jikin da ba ya kallon jama'a take wucewa. Shafa alli a bakin lokacin gwaji yana nuna wanda yake matsowa fiye da kima, don zai bar fari a rigar abokinsa.

Saura takobi. Kafin ka ɗora masa magagari, duba abu uku. Na farko, shekarunsa. In sabo ne irin na tsaraba, ba asara. In kuwa tsoho ne, mai tambari ko rubutu a ruwansa, ko na gado irin wanda ake fitowa da shi hawan sallah, kada a taɓa bakinsa. Ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa, darajarsa kuma ta faɗi. Irin wannan akwatin gilashi mai makulli ake yi masa. Na biyu, ko an yi masa rufin sheƙi. Wasu takubban ado baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da farin rufi siriri. Da ka gurza, rufin zai fara ɓarewa daga bakin, tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa. Yawancin irin waɗannan dama ba su da kaifin kirki, kan kawai za a gyara. Na uku, wutsiyar ƙarfen da ta shiga cikin mariƙi. Riƙe takobin ka girgiza a hankali. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko ruwan yana motsi daban da mariƙi, wutsiyar siririya ce ko walda aka yi mata. Irin wannan in yaro ya wulwula shi, ruwan yana iya ficewa ya tafi shi kaɗai. Na bango ne har abada, kada ya je dandalin makaranta.

In takobin irin na Buzaye ne, mai miƙaƙƙen ruwa da baki biyu, za ka ga kansa dama a zagaye yake. Kada wannan ya ruɗe ka, zagayen kan da rabin ruwan na gaba su ne inda aka fi wasawa. Baki biyun duka za ka bi, kuma saboda tsawonsa, kashi-kashi za ka riƙa matsewa, taƙi ɗaya a lokaci guda, ragowar a naɗe da tsumma mai kauri.

Wurin da aka gurza sabon ƙarfe ne tsirara, shi zai fara tsatsa, musamman da damina. Goge shi da busasshen ƙyalle, ka shafa man keken ɗinki ko basilin siriri, yadda ba zai ɗiga ba. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Zanen yatsa ma yana zama tsatsa saboda gishirin gumi, don haka bayan duk wanda ya taɓa a sake gogewa. Kube na fata yana da kyau a ido, amma ba wurin ajiya na dogon lokaci ba ne: fatar da aka jeme da bagaruwa in ta sha danshi tana baƙanta ƙarfe, ta kuma riƙe laimar a jikinsa. Masu ajiye takubba sukan rataye takobin a sama, kubensa a ƙarƙashi. A gidan yara kuwa na fi son a bar shi cikin kuben, a ɗaure mariƙi da bakin kube da siririyar waya ta baya inda ba a gani, a riƙa zaro shi duk wata biyu a goge a sake mai. Da hunturu a duba mariƙin, don bushewar iska tana sa katako da fata su tsuke su yi sako-sako.

Ratayewa a kwance ake yi, a kan ƙugiya biyu, ɗaya kusa da mariƙi ɗaya a kashi biyu cikin uku na tsawon, kowace da sukuru mai roba a cikin bango, ba ƙusa ɗaya da aka buga a filasta ba. Tsayin ya kai mita 2 daga ƙasa, kuma a lissafa da kujera, don yaro ɗan shekara biyar ya san yadda ake jan ta. Kada ya zama a saman kujerar zama, ko gado, ko bayan ƙofar da ake bugawa. A ɗaure shi da ƙugiyoyin da waya, yadda sai da filaya za a sauke shi.

Ranar da za ka kai wuƙar mahaucin makaranta, ka naɗe ta a saka a jaka tare da sauran kayan wasan, kai da kanka, ba ɗalibi ba. Jami'in tsaro a shingen bincike ba zai tsaya gwada ta da tumatir ba, kuma a gari irin Kano, inda ake sa ido kan masu yawo da makami saboda faɗan daba da ƙwacen waya, yaro mai wuƙa a jakar makaranta zai sha tambayoyi kafin a saurari bayaninsa. Takarda daga shugaban makaranta da ta ambaci wasan da ranarsa tana sauƙaƙa lamarin.